Auna naitirojin da ƙasa ke saki a cikin gona

Malam, ka tambayi yadda za ka auna naitirojin da ƙasa ke saki daga taki da ruɓaɓɓen ganye, da wanda ke komawa naitiret, a gonar kanta. Naitirojin sinadari ne da shuka ke buƙata, amoniyam da naitiret kuma su ne nau'o'insa biyu da take sha daga ƙasa. Binne leda za ka yi. Ɗebi ƙasa kashi biyu a rami ɗaya, zurfin santimita 15. Kashi na farko a jiƙa shi da ruwan KCl (gishirin potassium chloride da ke fito da su daga ƙasar) a auna amoniyam da naitiret nan take. Na biyun ka ƙulle a leda marar kauri, ka mayar da ita ramin ka rufe, bayan kwana 28 ka tono a auna. Ƙarin da aka samu a jimillar amoniyam da naitiret shi ne abin da ƙasa ta saki, ƙarin naitiret kaɗai kuma shi ne wanda ya juye daga amoniyam zuwa naitiret.

Sai dai ka yi hattara da gara. Amfanin ledar shi ne iska na ratsa ta, ruwa da saiwa ba sa shiga. Wata damina na tono ledojina na tarar gara ta huda kusan rabi, ruwan sama ya wanke naitiret ɗin, wahalar wata guda ta tashi a banza. Binne da yawa, duk wadda ta huje ka jefar.