Ku Tambayi Mai Hoto: Firinta a gida, da batun gilashin kyamara

Assalamu alaikum Malam, dan Allah inaso ka bani shawara. Yarana hudu kuma wayata ta cika da hotunansu, na suna, na sallah, na saukar karatu, duk sanda nakai wanki sai naga kudin ya karu akan na baya. Maigidan yace zai saimin firinta in dinga wankewa da kaina a daki. Wai hakan yafi sauki ne ko dai asarar kudi zamuyi? Daga wata uwar gida, Tudun Wada.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya su. Toh gaskiya kafin maigida ya cire ko sisi ki fara ƙirga hoto nawa kike wankewa a wata, saboda amsar duk tana nan. Kuɗin firinta da za a faɗa muku a shago shi ne ƙarami a cikin lissafin, babban yana cikin tawada da takarda, su kam kullum sai an saya, kamar wanda aka ba doki ne kyauta aka bar shi da neman dusa.

Firintocin da mutane ke sa wa a gida don hoto kusan iri uku ne. Akwai mai katirij, ita ce mai arhar saye, kuma ita zan ce ki guje wa, don ɗan kwalin tawadar nan bai da wani auki, hoto kuwa ba kamar rubutu ba ne, takardar gaba ɗaya yake shafewa da launi daga wannan gefe zuwa wancan, kafin ki ankara ya ƙare, wani lokacin kuɗin sabon katirij biyu ya kusa kamo kuɗin firintar kanta. Akwai mai tanki, wadda ake ɗura mata tawada daga kwalba, irin su Epson L805 da yawancin masu situdiyo suka sani. Launi 6 take aiki da shi maimakon 4, an ƙara mata shuɗi mai haske da ja-ja mai haske, shi ya sa fatar fuska take fitowa sumul ba ɗigo-ɗigo. Kowace kwalba mililita 70 ce, kuma kamfanin ya ce cika ɗaya zai iya fitar da hoto mai girman inci 4x6 har 1,800. Wannan lissafin kamfani ne fa, na wanda bai taɓa ɓata takarda ba kuma bai taɓa wanke kan firinta ba, wato sashen da ke fesa tawada, ki rage wani abu a ranki.

Sai ta uku, 'yar ƙaramar nan Canon Selphy da za ki ga masu hoto suna yawo da ita a wajen biki ko bakin ƙofar makaranta ranar yaye ɗalibai. Ita ba ruwan tawada take fesawa ba, wani siririn zare ne mai faɗi kamar leda, mai launi, a naɗe, zafi ke manna launin a jikin takarda. In kika tsaya kina kallo za ki ga takardar ta shiga ta fito har sau 4, farko ta fito rawaya, ta koma ta fito da ja-ja, ta koma ta ɗauko shuɗi sai ga fuskar mutum ta bayyana, na ƙarshe kuma ta sha wani shafe mai ƙyalli da ke kare ta daga ruwa da shatin yatsa. Yara na son kallon abin nan sosai. Daɗinta shi ne lissafinta ba ɓoye-ɓoye, kwalinta mai suna KP-108IN takarda 108 ne tare da zaren da zai ishe su daidai, ki raba kuɗin kwalin gida 108 kin san nawa kowane hoto ya tsaya miki. Kuma ko ta yi wata uku a cikin durowa ba abin da zai bushe. Aibinta ba ta wuce girman kati, in kina son na bango sai dai a kai waje.

Yanzu ga yadda za ki yi lissafin, lambobin nan na misali ne kawai na ɗauko don sauƙin rabawa, ki maye su da farashin da kika tarar a Sabon Gari ko PZ. A ce firinta naira 300,000, a ce gidan wanki suna karɓar 300 kan hoto ɗaya, ke kuma a gida takarda da tawada sun tsaya miki 150. Rarar ki 150 ke nan a kowane hoto, sai kin wanke hoto 2,000 kafin kuɗin firintar ya dawo. In hoto 20 kike yi a wata, wata 100 ke nan, sama da shekara 8, lokacin autanki ma ya shiga sakandare kuma da wuya firintar ta kai.

Abin da masu shago ba sa faɗa shi ne mai tawada ba ta son zama. Ƙofofin da tawada ke fita ta cikinsu sun fi gashin kai siranta, in ta yi sati biyu uku ba a taɓa ta ba sai su fara toshewa, balle da hunturu irin na Zariya da leɓen mutum ma tsagewa yake. Ni kaina ta taɓa cina. Na yi tafiya na bar wata firinta tawa kusan wata biyu a rufe, na dawo ranar da ake jiran hotunan walima, na saka takarda sai ga amarya ta fito da layi-layi a fuska kamar an yi mata zanen gado, gyalenta ja ya koma ruwan ƙasa. Na yi ta danna wankin kai, sau biyar ko shida, ina kallon tawada na sauka a tanki ba tare da na fitar da hoto ko ɗaya ba, don shi wankin kan tawadarki yake zuƙa ya zubar a wani soso da ke can ƙasan firintar, sosan ma in ya cika firintar tsayawa take cak sai an kai ta wajen mai gyara. Ƙarshe dai a kan mashin na tafi gidan wanki na biya. Tun daga nan duk sati sai na fitar da ko shafi ɗaya ne mai launi, kuma da maɓallinta nake kashe ta ba daga soket ba, saboda kan ya koma mazauninsa ya rufu. In NEPA suka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki kuwa, wannan takardar ta tafi, ga kan a tsaye a buɗe.

Sannan batun daɗewa. Yawancin masu tankin nan tawadar rini ce a cikinsu, tana da kyau da sheƙi amma rana na cin ta, in kika manna hoto a bango inda haske ke bugu ba firem ba gilashi zai koɗe da wuri. Na gidan wanki na ainihi, masu manyan injuna irin Noritsu ko Fuji Frontier, takarda ce mai ɗaukar haske da ake bi da ita ta cikin sinadari, ta fi jure wa hannu da ajiya. In album kike so wanda jikoki za su buɗe, ni dai can zan kai.

Saboda haka in don hotunan gida ne kawai, ki tara su ki kai wanki gaba ɗaya, da yawa ma ana yi miki ragi. Amma in kina da niyyar sana'a maganar ta canza, takarda 4x6 ɗaya tana ɗaukar fasfo 8, kuma garin da ke da manyan makarantu irin ABU da FCE da Nuhu Bamalli ba a rasa mai neman fasfo, ga matan unguwa da za su fi sakewa su zo wajenki a cikin gida a kan su je situdiyon maza.

*

Salam Oga. Ni dalibi ne ina dan taba daukar hoto a bikin abokai, ina da Nikon D3200 da gilashin da tazo dashi 18-55. A waje hoto yana kyau amma da an shiga hol ko bayan magariba sai ya dinga yin dishi dishi. Wani yace min kyamarar ce ta tsufa in saida in sayi sabuwa mai megafiksel da yawa. Ya kake gani? Daga wani kaninka, Samaru.

Ƙanena kar ka sayar. D3200 megafiksel 24 gare ta, ya ishe ka ka wanke hoton da za a rataya a falo. Matsalarka haske ne, kuma hasken ta gilashi yake shiga. Duba jikin gilashin naka za ka ga an rubuta 1:3.5-5.6, ma'ana in ka ja zum zuwa 55 ƙofar da haske ke bi ba ta iya buɗewa fiye da f/5.6, lambar in ta yi girma ƙofar ƙanƙancewa take. Da rana a filin Hawan Daushe ba za ka ji komai ba don hasken ya yi yawa ma. A hol kuwa kyamara sai ta rama ta hanya biyu, ko ta bar ƙofar a buɗe ta daɗe, sai motsin hannunka da na masu rawa ya shiga hoton, ko ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta, sama sai hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa kamar an watsa masa gero.

Maganin da na sani mai arha shi ne gilashi marar zum mai f/1.8. Tsakanin 5.6 da 1.8 hasken da ke shiga ya kusa ninki 10, wato inda da kyamara ke ɗaukar kashi ɗaya cikin 15 na sakan tana jira, yanzu za ta gama a kusan kashi ɗaya cikin 150, amarya na juyi ka tsayar da ita cak. Ga kuma bayan nan da ke narkewa ya yi laushi, wanda mutane ke gani su ce kai wannan kyamara mai tsada ce, alhali aikin gilashi ne.

Amma ka kula da abu biyu. Na farko, a Nikon akwai 50mm f/1.8D da kuma 50mm f/1.8G, na D ɗin ya fi arha shi ya sa yara ke rugawa su saya, su dawo gida su tarar ba ya kamo mutum da kansa, saboda D3200 da 'yan uwanta ba su da injin juya gilashi a jikinsu, sai gilashin da ke da nasa injin, wato mai AF-S. Ka nemi na G. Na biyu, a irin kyamararka 50 yana zama kamar 75, ya matso da mutum sosai, a ɗakin amarya na cikin gari za ka yi ta ja da baya har ka jingina da kwabet ba ka ɗauko kowa ba sai mutum biyu. In yawancin aikinka a ɗaki ne, AF-S 35mm f/1.8G DX ya fi maka. Masu Canon su kuma nasu EF 50mm f/1.8 STM ne da ya fito a 2015. Kuma kar don ka samu 1.8 ka maƙale a kai kullum, in mutum biyar suka jeru a haka ɗaya ne zai fito tas sauran su yi hazo, hoton taro ka rufe zuwa f/4 ko f/5.6 ka ƙara da filasha.

In na hannu za ka saya, cire murfi gaba da baya, ka kunna tocilan waya ka haska ta ciki kana kallo ta ɗaya gefen. 'Yar ƙura ba komai ba ce, duk gilashin da ya sha hunturu yana da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne ka ga wani farin abu mai rassa kamar saƙar gizo, fumfuna ce, laimar damina ke kawo ta, in ta daɗe cin shafen gilashin take kuma gogewa ba ta mayar da shi. Naka ma a watan Agusta kar ka kulle shi a jaka, sa shi a roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Kuma dan Allah a daina gogewa da bakin riga, shadda mai sitati da ƙura a kai yashi ne kawai kake murzawa.

*

Malam wayata 108MP ce amma dana tura hoto aka wanke min babba sai ya fito a fashe, mai shagon ne ya cuceni? Daga Kofar Doka.

Da wuya in laifinsa ne, ina zargin ta WhatsApp ka tura. Shi yana matse hoto ya rage shi kafin ya isa, abin da ya rage zai yi 4x6 lafiya lau don wannan ɗigo 1200 ne a 1800 yake buƙata, megafiksel 2 da 'yan kai. Amma 8x10 yana son 2400 a 3000, sama da megafiksel 7. Ka tura shi a matsayin dokumen, ko ka je da wayar a cire da kebul. Ita 108 ɗin nan ma in ba kai ka shiga ka kunna ta ba, yawanci wayar haɗe ɗigo tara-tara take ta ba ka hoto mai megafiksel 12, wanda ya isa 8x10 har da saura, in dai ba da yatsa biyu ka ja zum ba lokacin ɗauka, wannan yanke hoton kawai yake yana buɗa shi. Ka kuma duba bayan wayar, sau da yawa maiƙon yatsa ne a kan gilashin.