Tambaya da Amsa: Motocin Tako a Amurka, Araharsu da Abin da Ke Kan Ƙarfen Suya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, wata huɗu ke nan da zuwana birnin Los Anjeles karatu, kuma abin da ke aljihuna ba ya ɗaukar cin abinci a waje. A unguwar da nake zaune, da zarar magariba ta yi sai motoci su jeru a bakin titi suna sayar da abincin mutanen Meziko da ake kira tako, ƙamshi ya game ko'ina, leburori da 'yan makaranta da ma'aikatan ofis su yi layi. Na ga ana sayar da guda ɗaya dala 2, alhali a gidan abincin da ke kusa da makarantarmu sai mutum ya kashe dala 20 bai ƙoshi ba. Abokan karatuna sun ce abincin Meziko na ainihi ke nan, amma har yau ban taɓa saya ba, domin arahar tana ba ni tsoro, kuma ban san ma'anar sunayen da ke rubuce a jikin motocin ba. Shin abincin yana da tsafta, kuma Musulmi zai iya cinsa? Daga wani ɗalibi, Los Anjeles.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. An ce araha ba ta ado, saboda haka tsoron da ka ji yana kan hanya, sai dai arahar motar tako tana da dalilan da ba su shafi lalacewar abinci ba. Mai motar ba ya biyan hayar shago a bakin babban titi, ba ya ɗaukar masu kai faranti teburi, sau da yawa shi da matarsa da 'ya'yansa ne ma'aikatan, kuma abin da yake sayarwa bai wuce nau'in nama biyar ko shida ba, waɗanda yake saye da yawa ya sayar da su a dare ɗaya. Ka kuma lura cewa takon mota ƙarami ne, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, kuma baligi yakan ci uku ko huɗu kafin ya ji ya ci abinci. Idan ka lissafa da abin sha, za ka tashi a kusan dala 10, wanda har yanzu rabin abin da ka ambata ne.

Sana'ar ba sabuwa ba ce a birnin da kake. Masu ita suna kiran motar lonchera, domin asalin aikinta shi ne kai wa ma'aikatan gini da na masana'antu abincin rana. A shekarar 1974 wani ɗan Meziko mai suna Raul Martinez ya gyara tsohuwar motar sayar da askirim ya mayar da ita ta tako a gabashin Los Anjeles, kuma shi ake yawan ambata a matsayin wanda ya buɗe wannan hanya. Daga motar tasa ce gidajen abincin King Taco suka samo asali. A 2008 hukumar gundumar Los Anjeles ta kafa dokar da ta tilasta wa motocin barin inda suka tsaya bayan ɗan lokaci kaɗan, tare da barazanar tara da ɗauri, jama'a suka yi ca a kan dokar, alƙali kuma ya soke ta a cikin shekarar. Na kawo wannan ne domin ka san cewa abin da kake gani a bakin titi sana'a ce mai tarihi da lasisi da masu kare ta.

Game da ko shi ne na ainihi, abokanka sun fi kusa da gaskiya. Tushen tako shi ne tortiya, wato siririn fanke maras yisti da ake yi da masara. Ana dafa ƙwayar masarar a ruwan farar ƙasa ko ruwan toka, a bar ta ta kwana, a wanke, sannan a niƙa ta zama ƙullu. Mutanen ƙasar sun gaji wannan dabara tun kafin zuwan Sifaniyawa, kuma ita ce ke ba tortiya ƙamshinta da danƙonta, tare da fito da sinadarin niyasin, wani nau'in bitamin, da jiki ba ya iya samu sosai daga masarar da ba a yi wa haka ba. Ana ɗora nama a kan tortiya biyu da aka haɗa domin kada romo ya yaga ta, a barbaɗa yankakkiyar albasa da wani ganye mai ƙamshi da suke kira cilantro, a matsa lemun tsami, a zuba miyar barkono. Idan mai sayarwa ya tambaye ka "con todo?", yana nufin ko a sa maka albasar da ganyen duka. Wannan shi ke nan takon titi. Mai ƙamas-ƙamas ɗin nan da ake cika wa niƙaƙƙen nama da latas da cuku mai launin rawaya, wanda kamfanin Taco Bell da aka kafa a Kalifoniya a 1962 ya yaɗa a duniya, salon Amurka ne.

Duk da haka, ni ba na son a riƙe kalmar "ainihi" da ƙarfi, kuma dalilina zai kai mu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi muhimmanci. Takon da ya fi kowanne suna a birnin Meziko shi ne al pastor, kuma asalinsa daga 'yan ƙasar Labanan ne da suka yi ƙaura zuwa Meziko, musamman birnin Puebla, a farkon ƙarni na 20. Sun zo da shawarma da tsayayyen ƙarfen da ake jera nama a jikinsa yana juyawa a gaban wuta. Mutanen ƙasar suka karɓi ƙarfen, suka sa masa suna trompo, suka musanya naman rago da na alade, suka jiƙa shi da jan barkono da kayan ƙamshi, suka ɗora abarba a samansa. Don haka idan ka hango jan nama yana juyawa da abarba a kansa, idonka zai ce maka shawarma ce, alhali alade ne. Baƙi Musulmi da yawa a nan suke fara yin kuskure.

Sauran sunayen da ke nufin alade su ne carnitas, wanda ake dafawa a cikin kitsensa kuma jihar Michoacán ta yi fice da shi, da chorizo, niƙaƙƙen nama mai ja da ake cusawa a hanji, da buche, wato tumbin alade, da chicharrón, wato soyayyar fatarsa. Duk inda ka ga puerco ko cerdo, sunan dabbar ne kai tsaye. A ɗaya ɓangaren, carne asada gasasshen naman sa ne, lengua harshen sa ne, cabeza naman kai ne da aka turara har ya yi laushi, tripa ƙananan hanjin sa ne, pollo kuma kaza ce. Birria dafaffen nama ne mai romo da barkono, asalinsa na akuya ne daga jihar Jalisco, amma wanda ya cika motocin Kalifoniya a 'yan shekarun nan na sa ne, salon birnin Tijuana. Barbacoa a jihar Hidalgo naman tunkiya ne da ake naɗewa a ganye a binne a ramin wuta, a arewacin ƙasar da Tekzas kuwa kan sa ne.

Da a ce sanin sunaye ya wadatar, da na tsaya a nan. Matsalar tana kan ƙarfen suyar. Yawancin motocin suna da faffaɗan ƙarfe guda ɗaya da suke kira plancha, kuma a kansa ake soya kowane nama: chorizo a wannan kusurwa, naman sa a waccan, kitse yana malala daga nan zuwa can, cokali ɗaya yana juya su duka. Ƙwararren mai tako kuma yakan shafa tortiya a cikin man da ke kan ƙarfen kafin ya ɗumama ta, domin a wajensa daɗin ke nan, kuma wuƙa da katakon da ya sare al pastor da su, da su zai sare naka. Bayan wannan akwai manteca, wato man alade, wanda bisa al'ada ake soya dakakken wake da shi, ake kwaɓa tortiyar alkama da shi, ake kuma sa shi a ƙullun tamal, wani abincin masara da ake naɗewa a ganye a turara. Tortiyar masara ita kam ba a sa mata kitse a kwaɓi, shi ya sa ta fi ta alkama sauƙin sha'ani. Sai giya, wadda wasu ke jiƙa carne asada da ita, kuma ake yawan kwaɓa fulawar takon kifi da ita a salon yankin Baja Kalifoniya na Meziko. Wanda ya gudu daga nama ya faɗa kifi ba tare da tambaya ba, bai tsira ba tukuna.

An ce matambayi ba ya ɓata, kuma jimloli uku na Sifaniyanci za su yi maka aiki. "No como puerco" na nufin ba na cin alade, "lleva manteca?" na nufin akwai man alade a ciki, "lleva cerveza?" kuma na nufin akwai giya. Ka zo da wuri kafin layi ya yi tsawo, domin mutumin da ke da mutum ashirin suna jiransa ba shi da sararin goge maka ƙarfe, amma da farkon yamma da yawansu za su yi maka hakan da sakin fuska. Mafi sauƙi duka shi ne ka nemi motar da ta keɓanta da abu ɗaya. Motar birria zalla sau da yawa ba ta ajiye alade, haka ma motocin mariscos, wato masu sayar da kifi da jatan lande, waɗanda unguwar Boyle Heights ta birnin Los Anjeles ta yi suna da su, ko da yake a nan ma tambayar mai da giya tana nan.

Batun yanka kuwa, wato hukuncin naman sa ko kazar da aka saya a kasuwar Amurka ba tare da shaidar halal ba, fage ne da malamai suka yi saɓani a kansa, kuma limamin masallacin da kake salla ya fi ni cancantar ba ka fatawa. Abin da zan iya gaya maka shi ne akwai masu tako da ke amfani da naman halal a kudancin Kalifoniya. A watan azumin 2017 ma an fara wani shiri a birnin Santa Ana na kai motocin tako masu naman halal harabar masallatai lokacin buɗa-baki, domin kusanto da Musulmi da maƙwabtansu 'yan asalin Latin Amurka. Idan ka tambayi jama'ar masallaci bayan sallar Juma'a, za a nuna maka na kusa da kai.

Tsafta ita ce mafi sauƙin amsawa. Motar abinci mai lasisi tana ƙarƙashin jami'an duba-gari na gunduma kamar kowane gidan abinci, kuma a 2010 gundumar Los Anjeles ta amince a riƙa ba motocin makin A ko B ko C da ake liƙawa inda mai saye zai gani. Dokar Kalifoniya ta kuma wajabta wa kowace mota ta kasance tana da tashar da ake wanke ta, a zubar da ruwan datti, a ɗebi mai tsafta. Ka duba makin da takardar izini, sannan ka yi amfani da idonka, domin motar ta fi gidan abinci da abu ɗaya: a gabanka ake komai. Ka ga ko mai karɓar kuɗi shi ne mai taɓa abinci, ka ga ko naman yana tururi lokacin da aka miƙo maka. Ƙa'idar Amurka ita ce abinci mai zafi ya zauna a digiri 57 a ma'aunin Salshiyas ko sama da haka, mai sanyi kuma a digiri 5 ko ƙasa. A ganina haɗarin bai cika zuwa daga naman ba, ya fi zuwa daga teburin miya da yankakkiyar albasa da ke buɗe tun yamma kowa yana sa hannu, saboda haka ka fifita inda aka ɗora su a kan ƙanƙara ko aka ƙulla su a ƙananan robobi. Dogon layi shi ma shaida ne, domin naman da ake rububinsa ba ya samun lokacin kwana. Ka tafi da tsabar kuɗi, wasu motocin ba sa karɓar kati.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Muna zaune a Hustan da ke jihar Tekzas, kuma akwai wata motar tako mai naman halal da maigidana yake saya mana. Yarana ba sa jure yaji, kuma na ga ana sayar da wasu abubuwan sha masu launi a manyan kwalabe, ina jin tsoron ko da giya a ciki. Daga wata uwa, Hustan.

AMSA: Barka kadai Hajiya. Yawancin naman tako ba shi da yaji sosai, zafin yana cikin miyar da ake zubawa daga baya, saboda haka ki ce "sin salsa" a ba yaran nasu babu ita. Kada launi ya yaudare ki, domin koriyar miya wani lokaci ta fi ja zafi, kuma mai launin ruwan lemo da ake yi da barkonon habanero ita ce ta fi su duka. Ki ɗiga kaɗan a bayan hannu ki ɗanɗana tukuna. Idan yaran ba su saba da cilantro ba, ki nema musu quesadilla, wato tortiya da narkakken cuku a tsakiya.

Abubuwan shan nan ana kiransu aguas frescas, kuma ruwa ne da sukari da 'ya'yan itace ko hatsi, ba a sa musu giya. Farin shi ne horchata, da shinkafa da kirfa ake yinsa, mai ruwan ƙasa shi ne tamarindo, wato tsamiya, jan kuma da suke kira jamaica zoɓo ne. Wanda za ki yi hattara da shi shi ne tepache, domin ɓawon abarba ne da aka bari ya yi tsami na 'yan kwanaki, kuma yakan ɗauki ɗan abin maye ko da kaɗan ne.