Amsa: Taimakon masu laifin lalata bayan sun fito kurkuku

'Yar'uwa, kin tambaya ko taimaka wa wanda ya gama zaman kurkuku kan laifin lalata ba cin amanar waɗanda ya cutar ba ne. Wallahi na fahimci zafin da ke ranki.

Amma ki duba ranar da ya fito: leda ɗaya a hannu, dangi sun juya masa baya, babu mai amsa sallamarsa. Kaɗaicin nan kan mayar da mutum gidan jiya, wani yaro ya shiga uku.

Shi ya sa a 1994, a garin Hamilton na Kanada, fasto Harry Nigh ya tara 'yan majami'arsa suka kewaye wani da aka sako. Ingila ta ɗauki tsarin a 2002. 'Yan sa kai huɗu zuwa shida ke zama da shi duk mako, kimanin shekara guda. Su taya shi neman ɗaki da aiki, su kuma tsare shi da ido: jiya ina ka je, kai da wa? In suka ga ya fara raɓar wurin yara, take suke sanar da jami'in da ke kula da shi. Ya san da wannan sharaɗi tun ranar farko.