Tambaya da Amsa: Me ke sa kamfanin gem ya dakatar da sayar da wasansa a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai sha'awar wasannin gem na intanet. Na ji an ce akwai lokacin da wani babban kamfani ya dakatar da sayar da wasansa alhali mutane suna rububin saye. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wasan nan sauke shi ake yi a kwamfuta, babu faifai balle a ce kaya sun ƙare a shago. Me zai sa ɗan kasuwa ya ƙi karɓar kuɗi? Ko dai dabarar talla ce? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, labarin da ka ji gaskiya ne, kuma fitaccen misalinsa shi ne abin da kamfanin Square Enix na ƙasar Japan ya yi da wasansa Final Fantasy XIV a watan Disamba na 2021. Ka yi daidai da ka ce kwafin wasa ba ya ƙarewa. Sai dai wanda ya sayi irin wannan wasa, gurbin zama ya saya a kan manyan kwamfutocin kamfanin, inda dubban mutane suke haɗuwa su yi wasa tare a lokaci guda, kuma waɗannan kwamfutoci suna da iyakar adadin mutanen da za su iya ɗauka. Ka dubi mai gidan kallon ƙwallo a daren babban wasa: hoton da ke talabijin ba ya raguwa don masu kallo sun ƙaru, amma idan benci ya cika ya ci gaba da karɓar kuɗi a bakin ƙofa, rigima ce zai jawo wa kansa da waɗanda suka riga suka biya.

Tun a tsakiyar 2021 jama'a suka fara kwarara cikin wasan, da yawansu daga wasan World of Warcraft suka ƙauro. Da sabon ɓangarensa mai suna Endwalker ya fito a ranar 7 ga Disamba, sai tsofaffin 'yan wasa da sababbi suka taso gaba ɗaya. Mutum zai dawo daga aiki da yamma ya kunna kwamfuta, ya tarar da dubban mutane a gabansa a layin shiga, ya zauna yana kallon lambar tana raguwa sannu a hankali na tsawon sa'o'i. Abin takaicin shi ne wani saƙon matsala mai lamba 2002, wanda kan fito ya fitar da mutum daga layin, wani lokaci ma bayan ya kusa kai wa ga shiga. Kamfanin ya bayyana cewa an tsara kowace cibiya, wato rukunin manyan kwamfutocin da 'yan wasa ke shiga, ta daina karɓar masu jira idan layinta ya haura mutum 17,000, don kada kwamfutocin su durƙushe baki ɗaya. Daga baya kuma ya gano cewa wani tsohon kuskure a tsarin wasan yana taimakawa wajen fitowar saƙon, ya gyara shi.

A nan ne mai hankali zai ce, ai sai su sayo ƙarin kwamfutoci tunda kuɗi na shigowa. Sun so yin hakan, amma lokacin ya zo daidai da ƙarancin ƙananan sassan lantarkin nan da ake haɗa kwamfuta da su, ƙarancin da annobar korona ta tsananta har ya tsayar da aiki a wasu masana'antun motoci. Jagoran wasan, Naoki Yoshida, ya bayyana cewa ko da kuɗi a hannu kayan ba sa samuwa da wuri, sannan takunkumin tafiye-tafiye ya hana injiniyoyinsu zuwa cibiyoyin da ke ƙasashen waje yadda ya kamata. Tunda ba a iya faɗaɗa wurin nan take ba, abin da ya rage shi ne a rage masu shigowa.

Saboda haka a tsakiyar Disamba kamfanin ya dakatar da sayar da wasan ga sababbin masu saye, ya rufe rajistar gwajin kyauta, ya kuma tsayar da tallace-tallacensa. Wanda ya riga ya mallaki wasan yana iya sayen sabon ɓangaren, domin ba sabon mutum ba ne a layi. Da yake wasa ne da ake biyan kuɗinsa wata-wata, an ba masu biya kwana 7 kyauta, aka ƙara musu 14, a matsayin ban haƙuri. An dawo da sayarwa a ranar 25 ga Janairun 2022, ranar da aka buɗe sabuwar cibiya a Ostareliya. Ba wannan ne karon farko ba ma, domin a watan Agusta na 2013 kamfanin ya ɗan dakatar da sayar da wasan ta intanet saboda irin wannan cunkoso.

Game da zargin talla, babu shakka labarin ya ƙara wa wasan suna, domin kafafen labarai sun yi ta yayata cewa ga wasan da farin jini ya yi wa yawa. Amma a ganina lissafin kasuwa ne tsantsa. Mai biyan kuɗi duk wata na shekara da shekaru ya fi wa kamfani daraja a kan sabon mai saye, kuma idan sabon ya biya kuɗi ya kasa shiga, zai nemi a mayar masa da kuɗinsa, ya kuma ɓata sunan wasan a gaban abokansa. Wanda yake neman talla ba ya janye tallansa a watan Kirsimeti, lokacin da kasuwar gem ta fi ci.

Cunkoso ba shi kaɗai ke jawo dakatarwa ba, kuma sauran dalilan ba na alfahari ba ne. A watan Yuni na 2015 kamfanin Warner Bros. ya janye Batman: Arkham Knight na kwamfuta saboda wasan yana sarƙewa, makonni kaɗan bayan Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta a intanet, ya fara mayar wa masu saye kuɗinsu, kuma bai dawo ba sai Oktoba. A Disambar 2020 Sony ne da kansa ya cire Cyberpunk 2077 daga shagon PlayStation saboda yawan ƙorafi, har zuwa Yunin 2021. Akan kuma janye wasa idan lasisin kiɗa ko na motocin da ke cikinsa ya ƙare.

Idan ka ga an dakatar da wasan da kake shirin saye, ka karanta sanarwar kamfanin da kyau. Idan waɗanda suka riga suka saya suna ci gaba da wasa, kuma an yi bayanin aikin da ake yi, yawanci jira ne na 'yan makonni. Idan kuwa aka ce za a kashe kwamfutocin a mayar wa kowa kuɗinsa, kada ka sa rai sosai. Haka Sony ya yi da wasan Concord, wanda ya fito a ranar 23 ga Agustan 2024 aka rufe shi a ranar 6 ga Satumba saboda ƙarancin masu saye, kuma kafin ƙarshen Oktoba an sanar da rufe kamfanin da ya ƙirƙire shi.