Ƙanwata, kafin ki kwaso yaran nan zuwa Ingila

Ƙanwata, na ga saƙonki, na uku ke nan a wata guda. Kin ce kina so ki kwaso yara ku taho Ingila don su tashi a ƙasar Kirista, su huta da kwana cikin fargaba. Fargabar na san ta, a Kaduna na yi haihuwar fari. Kalmar "ƙasar Kirista" ce ta hana ni barci bayan na dawo aikin dare.

Maganar takarda a taƙaice: tun Maris 2024 mai zuwa aikin kula da tsofaffi ba ya tahowa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗaukar sababbi daga waje. Ajen da ya gaya miki wani abu daban, aljihunki yake hange.

I, ƙasar su Dokta Mila ce, Baturen mishan na Wusasa, wanda ya sha wahalar fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932. Amma jikokinsu sun bar sujada. A ƙidayar 2021, kashi 46 cikin ɗari ne suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales, kashi 37 suka ce ba su da addini. Majami'ar da ke layinmu yanzu ɗakunan haya ce, da labule a tagogin.

A gida mugun yana da fuska. Yaro ya ji ana gudu, ya ga uwarsa ta durƙusa, ya san dalili. A nan ba mai zagin Yesu a gaban ɗanki, ko kallo ma bai ishe su ba. Safiyar Lahadi ta ƙwallo ce. Ranar 31 ga Oktoba yara su sa ƙahoni da jela, su bi gida-gida roƙon alewa, naki na leƙe ta taga yana kuka kin hana shi. Babban nawa yana shekara tara ya tambaye ni ko Shaiɗan ma irin Gizo da Ƙoƙi ne. Wannan tambayar ta fi ƙarar bindiga girgiza ni.

Ga abin da ban taɓa gaya wa Mama ba. Ƙaramar ta yi ta mugun mafarki, na riƙa dafa kanta da dare ina tsauta wa ruhun tsoro cikin sunan Yesu, yadda aka yi mana. Ta je makaranta ta ce mamanta na fitar mata da aljani. Kafin mako ya ƙare, ma'aikatan jin daɗin yara biyu suna zaune a falona da biro da takarda. Suka keɓe ta suka yi mata tambayoyi, ni ina kicin ina rawar jiki. Ni da na yi shekara shida a Zumuntar Mata ina koya wa wasu riƙon yara! Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Sai dai da na huce na ga ba a banza suke ba. A shekarar 2000 wata yarinya 'yar Kodibuwa, Victoria Climbié, ta mutu a Landan a hannun masu riƙonta, bayan an yi ta cewa tana da aljanu. Tun daga nan kunnensu a tsaye yake. Bulala kuwa ki manta da ita: Sukotlan ta haramta dukan yaro a 2020, Wales a 2022, a Ingila ma in ya bar shaida a jiki kin shiga uku.

Dole na koma Littafi Mai Tsarki, Afisawa sura shida, na sake karantawa. Kokawarmu ba da nama da jini ba ce, to, ba da 'yata ba ce, ba kuma da malamarta ba. Na daina ihu a kanta, na koya mata ta yi addu'ar da bakinta. Na daina karɓar aikin Lahadi, ga shi ya fi tsoka, ku kuma kuna ta gunaguni kuɗin da nake turowa ya ragu. Yau su biyun suna jera makaman Allah da Hausa, tun daga ɗamarar gaskiya har takobin Ruhu, babban kuma shi ya nemi baftisma da kansa. Ba fasto ba ne ya yi wannan, ba ƙungiyar bishara ta Sabon Rai, ba kaka a tsakar gida. Ni ce da gwiwoyina.

Saboda haka ki amsa mini abu guda kafin mu sake maganar biza. Ana tashi makaranta wajen uku da rabi, a hunturu ƙarfe huɗu duhu ya fara, ke da maigidan kuna bakin aiki. Wa zai buɗe musu ƙofa, wa zai karɓe wayar daga hannunsu?

Ki gaida Mama, kada ki karanta mata wannan.