Hukuncin tafiya hutu a babban jirgin ruwa mai zaga tsibirai

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin New York ne a Amurka, shekara 11 ke nan ina tuƙin tasi. Ina da maiɗaki da yara uku, babbar cikinsu shekararta 15. Tun da muka zo ban taɓa fita da su ko'ina ba. Wani abokin aiki ya kwaɗaita mini hutun kwana 7 a irin manyan jiragen ruwan nan da ke tashi daga Miami, su tsaya a Bahamas da Jamaika da tsibirin Cozumel na Meziko, su komo. Na san akwai giya da caca a ciki, amma mu ba ruwanmu da su. Ya halatta mu je? In ya halatta, yaya za mu yi da salla?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya tun kafin ka yanki tikiti, ya kuma yi wa zuri'a albarka. Faranta wa iyali ibada ce, niyyarka mai kyau ce.

Hawan teku a kan kansa halal ne. Allah ya lissafa jirgin da ke gudana a teku cikin ayoyinsa a Suratul Baƙara, aya ta 164, ya kuma ce a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ya fari halitta, a Ankabut aya ta 20. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa Ummu Haram bint Milhan addu'ar kasancewa cikin mahaya teku na al'ummarsa, ta kuwa hau a zamanin Sayyidina Usman, a tafiyar tsibirin Ƙubrus. Malamanmu sun sa sharaɗin rinjayen aminci, kuma jiragen yau amincinsu ya rinjaya. Sai dai ka sani daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne a wannan yanki.

Inda maganar take shi ne abin da ke cikin jirgin, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka. Mutane kan ce ai a jirgin sama ma ana raba giya, kuma malamai ba su hana hawa ba. Wannan ƙiyasi bai tsaya ba. Jirgin sama hanya ce: kana haƙuri da abin da ke cikinsa na 'yan sa'o'i saboda buƙatar isa inda za ka. Wannan jirgi kuwa shi kansa ne wurin da za ka. Daga Miami ya ɗauke ka, Miami zai maido ka. Tsibiran da ka lissafa yini guda ake yi a kowanne, a sauka da safe a komo kafin dare, sauran lokacin duk kana ciki. Ga girmansu kamar gari. Ɗaya daga cikinsu, Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, hawa 20 ne, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Amma gari ne da ba a fita daga cikinsa. In abu ya dame ka a otal, sai ka ɗauki jakarka ka sake wani. A tsakiyar teku ina za ka?

Kuma an tsara wannan gari ne a kan abubuwan da kai kake gudu. Da zarar jirgi ya bar ruwan ƙasa ya shiga tekun da ba na kowa ba, gidan caca ya buɗe. Mashaya tana hawa da dama. Saman jirgi, inda ya fi ko'ina iska da kyan kallon teku, nan ne wurin ninƙaya, maza da mata a cakuɗe da ɗan ƙyallen da bai rufe komai ba, ga kiɗa tun hantsi. Ka hango kanka a wurin, 'yarka mai shekara 15 tana gefenka da hijabinta, ƙannenta suna raba ido. Kai babba wataƙila ka iya runtse ido. Yaro fa, wanda mahaifinsa ne da kansa ya biya kuɗi ya kawo shi, ya ce masa wannan shi ne hutu?

Ka ce ba ruwanku da giya da caca, kuma na yarda da kai. Amma shari'a ba ta tsaya a kan barin shan giya kaɗai ba. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagaya giya a kansa. Aya ta 140 a Suratun Nisa'i ita ce asalin da malamai suka kafa hanin zama a majalisin saɓo a kai. Wanda lalura ta kai shi, kamar mai neman magani ko mai aikin da ba shi da wani, ana yi masa uzuri gwargwadon lalurarsa. Yawon shaƙatawa ba lalura ba ne.

Don haka hukuncin yana rataye da abin da ya rinjaya a zatonka. In ka san ba za ka iya tsare idonka da na iyalinka ba, ko za a zaunar da ku teburi ɗaya da masu sha, ko salla za ta tozarta, to tafiyar haramun ce a kanka. In kuwa za ku samu teburinku na kanku, ku nisanci mashaya da gidan caca da wuraren rawa da wurin ninƙaya, ba zan ce maka haramun ba, don ba ni da nassin da zan faɗi haka da shi. Amma in ka cire waɗannan duka, me ya saura daga abin da ka biya? Ga mai yara a wannan shekaru, abin da nake gani shi ne ka bari. Da kuɗin nan za ka kama gida na mako guda a bakin teku inda ku kaɗai ne, ko ka kai su Umra, ko ka kawo su gida su ga kakanninsu, su ji Hausa a bakin dangi. In kuma akwai bashi a kanka da lokacinsa ya yi, ko ba ka sauke farali ba alhali kuɗin zai kai ka ko ya kusa, to waɗannan ne a gaba.

Game da salla, in ka riga ka biya ko ka zaɓi zuwa. Farilla a tsaye ake yin ta, ana fuskantar alƙibla, in jirgi ya juya kana ciki ka juya da shi gwargwadon iko. Bukhari ya ambata cewa Jabir da Abu Sa'id sun yi salla a jirgin ruwa a tsaye. Zama sai ga wanda jiri ko amai ya ci ƙarfinsa. Shehu Halil ma, a babin Hajji na littafinsa Muhtasar, ya ce teku kamar tudu take, sai in halaka ta rinjaya ko mutum zai rasa wani rukunin salla saboda jiri. In an faɗi haka a kan Hajji, ina ga hutu? Wanda ya san teku tana kayar da shi har ya kasa salla, kada ya hau.

Alƙibla a wannan yanki arewa maso gabas take. Ƙarfen jirgi yana rikita kamfas na waya, don haka ka duba talabijin ɗin ɗakinku, yawanci akwai tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa. Ɗakunan ciki masu araha ba su da taga, ba za ka ga alfijir ko faɗuwar rana ba, kuma agogon jirgi wani lokaci yakan saɓa da na tsibirin da aka tsaya. Lokacin salla da rana yake tafiya, sai ka fita ka duba.

Ƙasaru: nisan ya wuce mil 48 da littafin Risala ya ambata, amma a mazhabar Malikiyya tafiyar wasa zalla makaruhi ne a yi ƙasaru a cikinta, sannan rangwamen haɗa salla biyu saboda tafiya an keɓe shi da tudu ban da teku. Wasu mazhabobi sun sauƙaƙa. Tunda kana zaune a ɗaki ba abin da ya tsananta maka, ka cika kowace salla a lokacinta, ka ja iyalinka jam'i. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, azahar za ka yi.

Abinci kuwa, dabbar teku duk halal ce, da hadisin Abu Huraira a Muwaɗɗa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Ku tsaya a kan kifi da ƙwai da ganye, ku tambaya ko an sa giya a miya ko kayan zaƙi, ku lura da cokalin da ake ɗiban naman alade da shi a wurin ɗibar abinci. Wasu kamfanoni suna tanadar naman halal in an sanar da su makonni kafin tashi. Kuma duk tikitin da aka haɗa kuɗin giya a cikinsa kada ka saya, ko da ya fi araha, ko da ba za ka sha ba.

Wallahu a'alam.