Amsoshin Tambayoyinku: Karatu a Sifen, Ɗakin Haya da Tikitin Alhambra

Malam, na samu gurbin karatu na shekara ɗaya a Madrid. Na ga ɗaki a intanet a tsakiyar gari, da banɗakinsa, yuro 250 a wata. Mai ɗakin ya ce yana aiki a Ingila, in tura kuɗin wata biyu, shi kuma ya aiko min da makulli. In tura? – Ɗalibi daga Zariya

Kada ka tura ko sisin kobo. Ɗaki mai banɗaki a tsakiyar Madrid a yuro 250 babu shi, kuma labarin "ina ƙasar waje, zan aiko da makulli" tsohuwar damfara ce da ake yi wa baƙin ɗalibai kowace shekara, daga Agusta zuwa Satumba. Hotunan na gidan wani ne aka kwafo. Fasfon da ya turo maka don ka yarda da shi, wataƙila na wani ne da ya riga ya damfara, shi ya sa kai ma kada ka tura masa hoton naka.

Abin da ke ci min rai shi ne, kai ɗin nan ba za ka sayi akuya a kasuwa ba ka duba haƙoranta ba. Ba za ka biya dillali kuɗin haya a Samaru ba ka shiga ɗakin ka murɗa famfo ba. To me ya sa da an ambaci Turai sai mu ajiye wayonmu a gida? Kuɗin nan wani ya sayar da fili, wata ta sayar da sarƙar gwal, aka bi ’yan canji aka mayar da shi yuro da ƙyar. Lokacin da nake karatu a Garanada na ga wani yaro ya sauka daga mota da akwati biyu da adireshi a takarda. Muka raka shi har ƙofar gidan, wata tsohuwa ta leƙo ta ce ita ba ta taɓa ba da haya ba. Ya zauna a kan akwatinsa a bakin titi, ya kasa kiran mahaifinsa.

Ka kama masauki mai sauƙi na mako ɗaya ko biyu, ko ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami’arku su ba ka jerin gidajen kwanan ɗalibai. Idan ka isa, ka ga ɗaki da idonka, ka tambaya ko wuta da ruwa da intanet suna cikin kuɗin, sannan a rubuta yarjejeniya. Kuɗin ajiyar da suke kira fianza ka biya ta banki, ka riƙe shaida. Ka kuma tambaya tun kafin sa hannu ko za a bar ka ka yi rajistar adireshi a ofishin hukumar gari, wato empadronamiento, domin ana yawan neman takardar a wajen yin katin zama na TIE, wanda ake so ka nema cikin wata ɗaya da shigarka. Duk mai gidan da ya ƙi wannan, ka bar masa ɗakinsa.

*

Malam, ’yata za ta tafi Garanada. Ba na barci saboda tunanin abin da za ta ci da inda za ta yi salla. – Wata uwa daga Maraɗi

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah Ya tsare ta. Cikin garuruwan Sifen ta faɗa wanda ya fi sauƙi. Akwai babban masallaci a unguwar Albaisin da aka buɗe a 2003, daga harabarsa ana hango Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi, ga mahautan halal na ’yan Maroko a cikin gari. Abin da za ta kiyaye shi ne naman alade yana ɓuya inda ba a zato. Ta haddace kalmomin nan: cerdo, jamón, chorizo, tocino, manteca. Ta ƙarshen kitsen alade ce, ana sa ta har a kayan zaƙin da ake kira polvorones da mantecados. Ta riƙa karanta bayan leda, kuma in ta ce ba ta cin nama ta ambaci jamón da sunansa, don wasu masu abinci ba sa lissafa shi. Kifi, ƙwai, shinkafa, wake da man zaitun duk suna nan a wadace. Ki haɗa mata yaji da kuka da kuɓewa busasshiya, amma ban da kilishi, ba a shiga da nama Tarayyar Turai, ƙwacewa za a yi.

*

Malam, na ga masu shimfiɗa kaya a titin Barselona suna sayar da rigar ƙwallo yuro 20. Ta gaskiya ce? Ina so in kai tsaraba. – Ɗalibi daga Kano

Kai ma ka san amsar. Mutumin da ya ɗaure kusurwoyin zanensa da igiya don ya tattare ya gudu in ya hango ɗan sanda, me kake tsammanin yake sayarwa? Irin rigar tana nan jibge a Kantin Kwari, kuma a Barselona mai saye ma ana iya cin tararsa. Ka sayi man zaitun mai rubutun virgen extra a kanti, iyayenka za su fi sa maka albarka. Kuma a titin Rambla da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wayarka ta koma aljihun gaba.

*

Malam, wani shafi yana sayar da tikitin Alhambra yuro 60. In saya? – Ɗaliba a Salamanka

A’a, ƙanwata. A shafin hukumar da ke kula da fadar tikitin yuro 20 ne da ɗoriya, sauran ladan ’yan kayi-nayi ne. Sai dai yana ƙarewa makonni kafin ranar, don haka ki saya da wuri. Da sunanki ake fitar da shi, ki je da fasfo, kuma lokacin shiga fadojin Banu Nasr, sarakunan Musulmi na ƙarshe a Garanada, a rubuce yake. In kika makara ba za a bar ki ba. Kada ki yi ƙwauron kuɗi ki sayi na lambu kaɗai, don a fadojin nan ne za ki ga "Wa la galiba illallah" a sassaƙe a bango har ba iyaka, a gidan da Musulmi suka miƙa a 1492.

In da hali ki ƙarasa Kurɗuba, garin Imam Ƙurɗubi mai tafsiri. Masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785 yanzu majami’a ce, masu gadi ba sa barin a yi salla a ciki, gara ki sani tun daga gida. Motar bas ta kamfanin ALSA ta fi jirgin ƙasa araha. Matan da ke miƙa reshen ganye a bakin majami’u kuwa, kada ki karɓa, duba za su yi miki a tafin hannu su nemi kuɗi.

*

Malam, rigar sanyi a gida zan saya ko sai na je? – Ɗalibi daga Katsina

Ka sayi guda ɗaya mai kauri a gwanjo, ta kai ka Janairu, lokacin da kantuna ke karya farashi. Ka haɗa da adafta, soket ɗinsu mai huda biyu ne, cajarka mai baki uku ba za ta shiga ba.